Tarihin Fankar Ramin Kwal Da Abin Da Ya Haɗa Ta Da Rijiyoyinmu

 

Wannan makon rami za mu shiga. Mun san wani zai ce, mu da muke zaune a Tudun Jukun ina ruwanmu da ramin kwal, abin da ko a mafarki ba mu taɓa gani ba? A yi haƙuri a biyo mu sannu a hankali. Zancen zai tashi daga tashar jirgin ƙasa ta Sabon Gari, ya je Inugu, ya ƙetara Ingila da Sin da Amurka, sannan ya dawo bakin rijiyar gidanmu.

Duk wanda ya zauna da dattawan Zariya ya ji labarin jirgin ƙasa mai hayaƙi. Layin dogo ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911. Daga Zariya aka ja ƙaramin layi zuwa Jos saboda kuza, aka kuma ja wani zuwa Gusau da Ƙauran Namoda, wanda aka kammala a 1929. Jiragen da suka riƙa kwasar gyaɗa da auduga da fatun kakanninmu da kwal ake hura musu wuta. An gano kwal ɗin a yankin Udi a 1909, aka fara haƙa a 1915, a 1916 kuma layin dogo ya haɗa Inugu da Fatakwal. Reluwe ita ce babbar mai saye. Ke nan duk jiniyar da kakanninmu suka ji daga hayin Kubanni, akwai wani bawan Allah can ƙarƙashin tudun Inugu da ya sunkuya cikin duhu da zafi ya saro baƙin dutsen da ya tafasa tukunyar jirgin.

To, wannan mutumin da me yake numfashi?

Iskar da muke shaƙa a sarari, kusan kashi 21 cikin ɗari nata ne ke rayar da mu, wato oksijin. A cikin rami abin yana sauyawa. Kwal yana fitar da wata iska mai suna mitan, ba ta da launi ba ta da wari. Idan ta kai tsakanin kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na iskar wuri, tartsatsi ɗaya ya isa ya tashi ramin. Akwai kuma iska mai nauyi da ke kwanciya a ƙasa ta kore oksijin, mutum ya faɗi bai san abin da ya kayar da shi ba. Ta uku ita ce gubar da ke biyo bayan gobara, irin wadda ke fitowa daga salansar janareta, wadda kan kashe iyali guda a ɗaki cikin barci. A manyan haɗurran kwal, sau da yawa wannan ta ukun ta fi wutar kanta kisa.

Tun da daɗewa mahaƙa suka san dole a kai wa na ƙasa iska. A littafin da wani masani Bajamushe mai suna Agirikola ya rubuta kan haƙar ma'adinai, wanda ya fito a 1556, akwai zanen mutane suna tura iska rami da zugazugi, kamar dai na maƙeranmu amma manya. Daga baya a Ingila sai aka koma hura wuta a gindin rami ɗaya. Zafi ya tashi sama da gurɓatacciyar iska, sabuwa kuma ta gangaro ta ɗaya ramin. Dabarar ta yi aiki, sai dai ku duba abin: wuta ce ake hurawa a wurin da ke cike da iska mai kamawa. Ƙofofin da ke karkatar da iskar kuwa yara ƙanana ake sawa su tsare, su wuni cikin duhu suna buɗewa suna rufewa. Yaro ya yi gyangyaɗi ya bar ƙofa a buɗe, iskar sashe guda ta tsaya. Sai a 1842 doka ta hana mata da yara 'yan ƙasa da shekara 10 aiki a ƙarƙashin ƙasa.

A 1812 ramin Felling ya tashi da mutum 92. Wannan na cikin abin da ya sa Humphry Davy ya ƙera fitilarsa mai ragar waya a 1815. A watan Janairun 1862, a ramin Hartley, ƙaton ƙarfen injin janye ruwa ya karye ya faɗa cikin ramin ya toshe shi. Ƙofar ke nan guda ɗaya, ta nan ake shiga, ta nan ake fita, ta nan iska ke bi. Mutum 204 suka rasu, manya da yara. Kafin shekarar ta ƙare majalisar Ingila ta yi doka cewa dole kowace mahaƙa ta kasance da ƙofa biyu. A daidai wannan zamanin ne manyan fankoki masu aiki da inji suka fara maye gurbin wuta, musamman irin wadda wani injiniya a Beljiyam mai suna Guibal ya ƙera.

Ku lura da yadda abin ke tafiya. Gawa ce ke fara zuwa, doka ta biyo baya.

Labarin da ya fi tsaya mana a rai shi ne na Senghenydd a yankin Wales. Dokar kwal ta 1911 ta ce dole a gyara kowace babbar fanka yadda za a iya juya akalar iskarta nan take. Dalilin a fili yake. Idan gobara ta tashi a hanyar da sabuwar iska ke shiga, fankar da ke rayar da ma'aikata ita ce za ta kwashi hayaƙi ta kai musu har inda suke. In an juya ta, hayaƙin ya koma baya. An ba kamfanoni wa'adi zuwa farkon 1913. Masu wannan mahaƙa suka nemi ƙarin lokaci, aka ba su zuwa ƙarshen Satumba. Satumba ta wuce ba su gama ba. Ranar 14 ga Oktoba 1913 da safe ramin ya tashi, mahaƙa 439 suka rasu, da kuma wani mai aikin ceto guda. Da aka je kotu, an ci manajan tarar fam 24, kamfanin kuma fam 10, kuma rashin gyaran fankar na cikin laifukan da aka kama su da shi. In aka raba tarar manajan a kan waɗanda suka mutu, kowane rai ya tashi a kan sule ɗaya da kwabo ɗaya da 'yar ɗoriya. Doka tana nan a rubuce, ba wanda ya ce bai san da ita ba. Mako biyu kacal tsakanin cikar wa'adi da ranar makoki.

A ƙasar Sin kuma abin ya fi haka muni. Ranar 26 ga Afrilu 1942 gobara ta tashi a mahaƙar Benxihu, lokacin yankin yana hannun Japan. Masu kula da wurin suka kashe fanka suka toshe bakin rami don wuta ta mutu, alhali da mutane a ciki. Mutum 1,549 suka halaka, kuma binciken da aka yi bayan yaƙi ya nuna yawancinsu gubar hayaƙi ce ta kashe su. Har yau ba a yi haɗarin kwal da ya kai wannan ba.

Daga irin waɗannan ne aka tattaro ƙa'idojin da ake bi yanzu. Bari mu ɗauki na Amurka, waɗanda suka ƙara tsanani bayan mutum 78 sun mutu a Farmington a 1968 aka yi sabuwar doka a 1969. Babbar fanka a sarari ake kafa ta, cikin ginin da ba ya cin wuta, kuma a goce da ita daga saitin bakin rami da aƙalla ƙafa 15, don in rami ya tashi kada ya tafi da ita. Ana sa mata na'urar da ke rubuta ƙarfin jan iskarta dare da rana, da ƙararrawar da za ta yi kuka da zarar ta rage gudu ko ta tsaya, a wurin da kullum akwai mai ji. Kowace ranar aiki sai wani horarre ya duba ta ya sa hannu. Sannan aƙalla sau ɗaya cikin kwana 31 sai an tsayar da fankar da gangan, don a ga ko ƙararrawar za ta yi kuka da gaske. Lokacin wannan gwaji ba a barin kowa a ƙasa sai wanda aikin ya zama dole da shi. Idan kuwa ta tsaya da kanta, a yanke lantarki a wuraren aiki, mutane su ja baya. Minti 15 suka cika ba ta dawo ba, kowa ya fito. Ba a komawa aiki sai an bi an auna iska.

Wannan gwaji na kwana 31 shi ne zuciyar maganar. Ƙararrawar da ba a taɓa jin kukanta ba, ba wanda zai rantse tana da murya. Gara a ji shirunta ranar da rami ba kowa, da a gano shi ranar da mutum ɗari uku ke ciki.

Mu dawo gida. Mahaƙan Inugu, a Iva Valley da Onyeama da Okpara, sun yi fama da zafi da danshi da ruwa. Amma abin da tarihi ya fi riƙewa game da su shi ne ranar 18 ga Nuwamba 1949, lokacin da 'yan sandan mulkin mallaka suka buɗe wuta a kan ma'aikatan Iva Valley masu jayayya kan haƙƙinsu, suka kashe 21, suka raunata 51. Wannan jini ya ƙara wa fafutukar neman 'yancin kai wuta. A 1950 aka kafa Hukumar Kwal ta Najeriya. A ƙarshen shekarun 1950 ana haƙo kimanin tan dubu 900 a shekara. Sai reluwe ta koma injin dizal, yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya zo ramuka suka cika da ruwa, harkar ba ta sake miƙewa kamar da ba. Kwal ɗin da ake haƙa kusa da mu yau, kamar na Maiganga a jihar Gombe da na Anu Araren a yankin Agadas na Nijar, yaye ƙasa ake yi daga sama, ba a bin ƙarƙashi.

Sai dai rashin ramin kwal bai raba mu da rami ba. Muna da masu haƙa rijiya da masu yasa. Muna da masu kwashe salga. Muna da samarin da ke barin gida su tafi haƙar zinari a Zamfara da Birnin Gwari, su shiga ramin da faɗinsa bai wuce bakin tukunyar biki ba, ƙofa ɗaya kamar ta Hartley. Labarin da muke ji kusan iri ɗaya ne kullum. Wani ya shiga ciro guga ko waya, aka ji shiru. Ɗan'uwansa ya bi shi, aka ji shiru. Na uku ya ce ba zai tsaya kallo ba. Kafin 'yan kwana-kwana su iso gida guda ya yi gawa uku, a ce rijiyar tana da aljanu. Wani lokacin ma injin jan ruwa mai shan fetur ake zurawa ciki, hayaƙinsa ya cika rijiyar, mai yasa yana ƙasa.

Iyayenmu ba su rasa nasu gwajin ba. Tsofaffin masu yasa sukan zura fitila da igiya kafin su sauka, in ta mutu su fasa. Mahaƙan Ingila kuwa kanari suke shiga da shi a keji, irin dai wanda muke ratayewa a zaure, domin guba tana kayar da shi kafin ta kayar da mutum. Ba su daina ba sai a 1986, da na'urar aune ta karɓi aikin. Amma mu sani fitila ba ta faɗin komai da komai. Tana nuna ƙarancin oksijin, ba ta nuna gubar hayaƙin inji, a bakin salga kuwa ita kanta haɗari ce domin iskar ciki tana kamawa. Abin da tarihin nan ya koyar bai fi ƙarfinmu ba. A bar rami a buɗe a tura masa iska kafin a shiga. Inji ya tsaya a waje. Mai sauka ya ɗaura igiya a ƙugu, mutum biyu su riƙe. In an ji shiru a jawo shi, a kira 'yan kwana-kwana, kada kowa ya bi shi da ƙirji kawai.

Ga inda abin ya shafe mu a matsayin masu alƙalami. Mun san adadin waɗanda suka mutu a Hartley da Senghenydd saboda wani ya zauna ya rubuta sunayensu da shekarunsu, ya rubuta wa'adin da aka saɓa da tarar da aka biya. Da wannan rubutun aka matsa wa majalisa. Namu kuwa a yi jana'iza da la'asar, a ce kwana ya ƙare, bayan sadakar bakwai zance ya mutu. Kwana kam ya ƙare, mun yi imani da haka. Amma imani da ƙaddara bai hana a ɗaure raƙumi ba.

Saboda haka ga aikin da muke ba kanmu wannan makon. Kowannenmu ya nemi mai yasar rijiya ko mai kwashe salga a unguwarsu, ya gaishe shi da girmamawa, ya tambaye shi yadda yake gane rami mai lafiya, da wanda ya koya masa, da abin da ya taɓa gani. A rubuto shafi ɗaya da kalmominsa, kada a yi masa kwalliya. Mu nan Tudun Jukun za mu fara da namu, in Allah ya kai mu mako mai zuwa mu kawo.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya tsare masu neman halaliyarsu a ƙarƙashin ƙasa. Sai mun ji daga gare ku.