John Newbery, Ɗan Kasuwar da Ya Sama wa Yara Littafinsu

A shekarar 1744 wani ɗan ƙaramin littafi ya fito a Landan mai suna A Little Pretty Pocket-Book, kuɗinsa sisi. Wanda ya ƙara kwabo biyu, sai a haɗa masa da ƙwallo in ɗansa namiji ne, ko ɗan matashin soka allura in mace ce, gefe guda ja, ɗaya gefen baƙi. Ran da yaro ya yi abin kirki a soka allura a jan, ran da ya yi ɓarna a soka a baƙin. Mai wannan dabara shi ne John Newbery.

Ɗan manomi ne, an haife shi a ƙauyen Waltham St Lawrence a 1713. Yana ɗan shekara 16 ya shiga koyon aikin ɗab'i a garin Reading. Da maigidansa William Carnan ya rasu a 1737, ya gaji wani kaso na sana'ar, daga baya ya auri matar marigayin, sannan ya yi ƙaura zuwa Landan ya buɗe shago a gindin majami'ar St Paul.

A lokacin, yawancin abin da ake miƙa wa yaran Ingila wa'azi ne mai cike da tsoratarwa. Newbery ya kama ra'ayin masani John Locke, cewa karatu ya fi shiga kan yaro in an haɗa shi da wasa. Sai ya zuba wa littattafansa hotuna, ya yi musu bango da takarda mai furanni da ƙyallin zinariya, yadda yaro zai gani ya miƙa hannu da kansa. A ganina nan ne darajarsa take: ya ɗauki yaro a matsayin mai karatu da ya cancanci a yi masa ado. A 1751 ma ya fito da mujallar yara, The Lilliputian Magazine.

Sai dai ba littafi kaɗai ya azurta shi ba. Yana sayar da garin maganin zazzaɓi na Dakta James, har ya cusa tallarsa cikin labarin Goody Two-Shoes na 1765, inda zazzaɓi ya kashe mahaifin yarinyar da labarin yake kanta a wurin da ba a samun maganin. Wannan bai kwanta mini ba, domin ya tallata hajarsa da hawayen marainiya. Amma daga aljihun nan ne marubuta irin su Oliver Goldsmith suka riƙa samun aiki da rance.

Ya rasu ranar 22 ga Disamba, 1767. Tun daga 1922 Ƙungiyar Ɗakunan Karatu ta Amurka take ba da lambar yabo mai sunansa ga littafin yara mafi fice a Amurka a kowace shekara.