Karnukan Munich da Na'urar Fasa Tsakuwar Ƙoda

Wani mai karatu ya tambaye mu ko da gaske ne kamfanin ƙera jiragen sama ne ya gano yadda ake fasa tsakuwar ƙoda ba tare da tiyata ba. Akwai gaskiya a maganar, amma ba ta cika ba.

Labarin da ya fi yaɗuwa shi ne, a 1966 wani injiniyan kamfanin Dornier na Jamus, mai ƙera jiragen sama, ya taɓa wani farantin ƙarfe daidai lokacin da abin gwaji mai tsananin gudu ya doke shi, sai ya ji kamar lantarki ya ja shi. Daga nan aka fahimci cewa girgiza mai ƙarfi tana ratsa jikin mutum. Masu son labarin nan suna ganin na'urar 'yar sa'a ce kawai.

Ni dai na fi karkata ga masu cewa a Jami'ar Munich aka yi ainihin aikin. Daga 1974, likitoci irin su Christian Chaussy da Ferdinand Eisenberger, tare da injiniyoyin Dornier, suka duƙufa kan gwaji, har da gwaji a kan karnuka. Samun kare mai tsakuwar ƙoda irin ta mutum ba abu ne mai sauƙi ba, don haka suka riƙa ɗauko tsakuwar da aka ciro daga majiyyata suna dasa ta a ƙodar karnuka. Sai a sa kare barci, a kwantar da shi cikin kwamin ruwa, a tayar da tartsatsin lantarki a ƙarƙashin ruwan, wani kwanon ƙarfe kuma ya tattara girgizar ya auna ta kan tsakuwar har ta zama gari, ta fita da fitsari. Auna tsakuwar ya ba su wahala matuƙa, sai da suka koma ga hoton ekisire daga kusurwa biyu. Gwaji a kan dabbobi ne kuma ya nuna cewa girgizar tana illata huhu, dole a kauce masa.

Ranar 7 ga Fabrairun 1980 aka fara yi wa mutum wannan magani a Munich, Amurka kuma ta amince da shi a 1984. Daga baya gwaji kan aladu a jihar Indiana ta Amurka ya nuna cewa girgizar tana raunata ƙoda, amma idan aka rage saurin bugu raunin yana raguwa.

Injiniyoyi sun kawo dabara, amma shekarun haƙuri a ɗakin gwajin dabbobi ne suka mai da ita magani.