Yadda Gubar Arsenik Ta Zama Maganin Sankarar Jini a Ƙasar Sin

Tun da aka bai wa Tu Youyou kyautar Nobel a 2015 saboda maganin zazzaɓin cizon sauro, Sinawa da dama ke tambaya: ina Zhang Tingdong? Wannan likita na birnin Harbin shi ne ya mayar da farar hodar arsenik, wadda Sinawa ke kira pishuang, allurar da ke ceto masu wani mugun nau'in sankarar jini. Ana ta ja-in-ja kan wanda ya cancanci yabo. Wasu sun ce magabata, wasu sun ce masu ɗakin bincike. Ni ina bayan Zhang.

Arsenik ya daɗe a hannun masu magani na Sin. Littafin Shennong Bencao Jing, mai kimanin shekara dubu biyu, ya jera magunguna 365, cikinsu har da xionghuang, wani dutse ja mai ruwan lemo wanda arsenik ne haɗe da farar wuta. Idan aka gasa irin wannan dutse, tururinsa ya daskare, sai a samu pishuang. Li Shizhen ya ambace ta a babban littafinsa da aka buga a 1596, ya kuma yi gargaɗi kan tsananin dafinta. An yi ta amfani da ita kan gyambo da asma da zazzaɓi, bisa ƙa'idar nan tasu ta cewa guba ke kashe guba. Turawa ma ba a bar su a baya ba. A 1786 Thomas Fowler na Ingila ya fito da ruwan arsenik, kuma a ƙarni na 19 an gwada shi kan sankarar jini kafin a yi watsi da shi.

Labarin ya ɗauki zafi ne a 1971. Wani mai haɗa magunguna a asibitin jami'ar likitanci ta Harbin, Han Taiyun, ya ci karo da wani mai maganin ƙauye a gundumar Lindian ta lardin Heilongjiang, yana bai wa masu ciwon daji wani haɗi na abu uku: pishuang, da gishirin zaiba, da dafin kwaɗo. Han ya mayar da haɗin allura, aka sa mata suna 713, wato watan uku na shekarar 71. Wasu sun ji sauƙi, amma da yawa sun sha wuya da illar maganin.

A nan Zhang ya shigo. Ya karanci likitancin zamani, ya kuma koyi na gargajiya, saboda haka bai ɗauki haɗin a matsayin abin da ba a taɓawa ba. Ya tsame dafin kwaɗo. Ya yi ta rage zaiba har ya bayyana cewa arsenik ne kaɗai ke aikin. Sannan ya bi marasa lafiya ɗaya bayan ɗaya, yana duba jininsu da ɓargonsu, don gano wace sankara ce ke jin maganin. Ya wallafa rahoton farko a 1973, wani kuma a 1979, kuma sannu a hankali ta tabbata cewa nau'in da ake kira APL ne. Wannan cuta tana zuwa da zubar jini: dasashi na tsiyaya, fata na yin tabo, wani lokaci jini ya ɓalle a ƙwaƙwalwa cikin 'yan kwanaki.

Masu cewa nasarar ta magabata ce suna manta cewa babu tsohon littafin da ya san APL, balle ya ce a zuba arsenik ta jijiya. Masu fifita masu binciken birnin Shanghai kuwa suna da hujja mai ƙarfi. Wang Zhenyi na Shanghai ne ya fara warkar da cutar da ATRA, dangin bitamin A, a shekarun 1980. Ɗalibansa Chen Zhu da Chen Saijuan, tare da likitocin Harbin, su ne suka fitar da sakamakon arsenik ga duniya a 1996 da 1997. Daga baya aka gano cewa arsenik yana kama gurɓataccen furotin da ke hana ƙwayoyin jini girma, sai jiki ya rushe shi. Aiki ne babba. Amma sun bayyana abin da aka riga aka gani yana aiki ne shekara ashirin kafin nan, a rahotannin da aka rubuta da Sinanci, waɗanda kusan babu mai karantawa a waje.

Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da allurar a shekarar 2000. A 2013 wani gwaji a Italiya da Jamus ya nuna cewa haɗin arsenik da ATRA ya fi tsohuwar hanya, inda kashi 97 cikin ɗari suka kai shekara biyu ba tare da cutar ta dawo ba. Amma har yau allurar guba ce. Ana auna ta gwargwadon nauyin mara lafiya, ana sa ido kan bugun zuciyarsa, kuma wanda ya sha ta ba tare da kulawar likita ba zai iya kashe kansa.

A 2020 aka haɗa Zhang Tingdong da Wang Zhenyi a wata babbar kyautar kimiyya guda a ƙasar Sin. Zhang yana da shekara 88 a lokacin, kuma yabon ya makara ƙwarai.