Malamar da ba ta manta da abokan aikinta ba

Kowane ɗayanmu yana da wanda ya fara kama masa hannu. Wani uwarsa ce. Wani kakarsa ce. Wani malamin allo ne a zaure. Wani kuma sai da ya girma ya gamu da malamin yaƙi da jahilci. Irin waɗannan mutane ba a buga musu tambari. Maroƙa ba su yi musu kirari. Idan sun rasu, a yi sadakar uku, a yi ta bakwai, a yi ta arba'in. Daga nan sai sunansu ya soma ɓacewa.

Yau za mu kawo muku tarihin wata malama da ta ƙi yarda da haka. Sunanta Nana Asma'u, ɗiyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Da abokan aikinta suka rasu, ta yi kuka kamar kowa. Bayan kukan sai ta ɗauki alƙalami. Amma labarin ba daga Sakkwato ya faro ba. Sai mun biya ta Agadas tukuna.

Makarantun Agadas

Agadas tsohon gari ne na fatauci da karatu. Wajen shekara ta 1515 aka gina babban masallacinsa. An sāke gina hasumiyar a 1844. Tsawonta mita 27, kuma da ƙasa aka yi ta.

A shekara ta 1850 wani Bajamushe matafiyi ya sauka a garin. Sunansa Barth, amma Abdulkarim ake kiransa a hanya. Ya zaga unguwanni yana rubuta abin da ya gani. Ya ce akwai makarantu biyar ko shida a garin, da yara maza 250 zuwa 300 suna koyon karatu da rubutu.

A rugage da tantunan Azbin kuwa akwai wata makaranta wadda ba ta da bango. Mata su ne suka fi riƙe rubutun Abzinawa, wanda ake kira tifinag. Uwa ko yaya takan share rairayi da tafin hannu, ta zana baƙi da yatsa, yaro ya kwaikwaya.

To, adadin makarantu ya iso gare mu. Adadin yara ya iso gare mu. Malaman da suka zauna da waɗannan yara safe da yamma fa? Wa zai iya jera mana sunayensu yau? Ga abin da ke faruwa ke nan idan ba a rubuta ba.

Daga Agadas zuwa Degel

An haifi Shehu Usmanu a Maratta a shekara ta 1754. Maratta tana cikin ƙasar Gobir, kusa da Galmi, a Nijar ta yau. Ya tashi a Degel. Wurin mahaifinsa ya fara karatun Alƙur'ani. Da ya zama saurayi, sai ya bi wani babban malami mai suna Malam Jibrilu ɗan Umaru har zuwa Agadas. Ya zauna yana ɗaukar karatu a wurinsa. Da Malam Jibrilu ya tashi tafiya Makka, Shehu bai bi shi ba, don bai sami iznin mahaifinsa ba. Sai ya koma gida. Har ƙarshen ransa bai daina ambaton wannan malami da alheri ba.

A Degel Shehu ya yi wani abu da ya jawo masa surutu. Ya bar mata suna zuwa wurin wa'azinsa. Ya kuma rubuta cewa laifi ne babba malami ya koyar da almajiran waje, ya bar matansa da ɗiyansa mata cikin jahilci. Saboda haka gidansa ya zama makaranta. Matansa suna karatu. Ɗiyansa mata suna karatu.

Marainiyar da mata suka rena

A cikin wannan gida aka haifi Asma'u, wajen shekara ta 1793. Tagwaye ne, ita da ɗan'uwanta Hasan. Tun tana ƙarama ƙwarai mahaifiyarta Maimuna ta rasu. Sauran matan Shehu suka ɗauke ta suka rene ta. A tsakar gida ta fara riƙe allo, cikin mata da ƴan'uwa. Ke nan tun da wuri ta san darajar macen da ke kula da yaron da ba ita ta haifa ba.

Tana da shekara kamar 11 aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu, a 1804. Yaƙi ya tashi tsakanin jama'ar Shehu da Gobir. Ta ga yunwa, ta ga annoba, ta ga gudu da dare. Alƙalawa ta faɗi a 1808. A 1809 aka kafa Sakkwato. Asma'u ta auri Gidado ɗan Laima, wanda ya zama wazirin yayanta Muhammadu Bello. Shehu ya rasu a 1817.

Asma'u ta haddace Alƙur'ani. Tana rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa. Tana kuma jin Buzanci. Malamai maza na nesa suna aiko mata da wasiƙu.

Ƴan Taru

Yaƙi ba ya barin kowa lafiya, ko wanda ya ci ko wanda aka ci. Ya bar zawarawa da marayu da bayi a ko'ina. Akwai mata da yawa a ƙauyuka waɗanda ba su san karatu ba, kuma su ne ke renon yara. Asma'u ita kaɗai ce, ba ta iya zuwa kowane ƙauye. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai ta yi dabara.

Ta zaɓi dattijan mata masu hankali da riƙon amana, ta koya musu. Kowace ta naɗa ta shugabar matan ƙauyenta. Sunan wannan shugaba jaji. Mutanen Agadas sun san irin wannan aiki. Ayarin gishiri ba ya kama hanyar Bilma sai da madugu. Haka nan jaji take ga ayarin mata. Ranar naɗi Asma'u takan ba ta malfa da jan rawani. A Gobir, malfa alamar Inna ce, babbar mace ta gidan sarauta. Duk wanda ya ga mace da malfa ya san ba a tare ta a hanya.

Su wa ke bin jaji? Tsofaffin da suka gama haihuwa, da ƴan mata ƙanana da ba su yi aure ba. Matan aure masu goyo suna gida. Ayarin yakan taho da ƙasa, wani lokaci tafiyar kwanaki. Sukan zo da sadaka: hatsi, zuma, man shanu, zane. Asma'u takan raba wannan sadaka ga makafi da guragu da marasa ƙarfi. Sannan a zauna karatu. Waɗannan mata su ne ake kira Ƴan Taru.

Yaya take koyar da wadda ba ta san baƙi ba? Da waƙa. Ta shirya darussa cikin waƙoƙin Hausa da na Fillanci: yadda ake alwala da salla, tarihin Annabi, tsafta, haƙuri, zaman lafiya da maƙwabta. Waƙa ba ta da wuyar riƙewa. Mace tana daka tana yi. Tana kaɗi tana yi. Yaron da ke bayanta yana ji. Kafin ya isa zuwa makarantar allo, ya riga ya sha darasi a goye. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya koya wa uwa, ya koya wa ɗanta.

Makoki uku

Asma'u ta yi tsawon rai. Mai tsawon rai kuwa shi ke binne abokansa. Bello ya rasu a Wurno a 1837. Daga baya mijinta Gidado ya bi shi. Ta yi musu waƙoƙin makoki. Wannan ba abin mamaki ba ne, an saba yi wa manyan maza haka. Abin da ba a saba gani ba shi ne a yi wa macen da ba ta riƙe sarauta ba. Tana da shekara fiye da 60, ta rasa mata uku cikin ƴan shekaru kaɗan.

Ta farko A'isha ce, matar Bello, wajen 1855. Aminiyarta ce ta tun ƙuruciya. Tare suka ga hijira, tare suka ga yaƙi, tare suka tsufa. Waƙa ɗaya ba ta ishi Asma'u ba. Sai da ta yi biyu, ɗaya da Fillanci, ɗaya da Larabci. Ba ta ɓoye zafin da ta ji ba. Ta kuma shaida cewa A'isha mai riƙon marayu ce, mai tallafa wa matan da suka rasa maza.

Ta biyu Zaharatu ce, wajen 1857. Ba sarauniya ba ce. Malama ce ta cikin unguwa, mai koya wa waɗanda ba su sani ba. Ungozoma ce kuma. Idan naƙuda ta tashi, ita ake kira. Idan mace ta rasu, ita ke zuwa wanka. Ke nan hannunta ne ke fara karɓar jariri, hannunta ne kuma ke sallamar mamaci. Kowane gari yana da irin Zaharatu. Amma kaɗan ne aka rubuta sunansu.

Ta uku Hauwa'u ce, wajen 1858. Ita jaji ce. Aikinta tafiya. Asma'u ta shaida cewa babu wani lokaci na shekara da ke tsayar da ita a gida. Kullum tana hanya da ayarin mata a bayanta. Ku tuna babu mota a lokacin. Tsohuwa ce da sandarta, da ɗiyan mutane a hannunta amana. Ta kai su, ta maido su. A cikin wannan makoki ne Asma'u ta bayyana abin da take koya wa matan da ake kawo mata. Saboda haka masu binciken tarihi suna komawa gare shi idan suna son sanin yadda Ƴan Taru suka yi aiki.

Ku dubi abin da take yabo. Ba ta lissafa shanu ba. Ba ta lissafa zinariya ba. Aiki ta lissafa: wa ta koyar, wa ta rena, wa ta taimaka. Waƙoƙin nan kuma ba a akwati ta kulle su ba. Cikin darussa suka shiga. Ɗaliba ta ji halin Zaharatu, ta ce ni ma haka nake so in zama. Ta haka mamaciya ta ci gaba da koyarwa bayan ta kwanta dama.

Yadda labarin ya iso gare mu

Nana Asma'u ta rasu wajen 1864. An binne ta a Hubbare, a Sakkwato, kusa da mahaifinta. Ƙanwarta Maryamu ta ɗauki aikin Ƴan Taru. Bayan Maryamu wasu suka ɗauka. Turawa sun ci Sakkwato a 1903, amma jaji ba su bar tafiya ba.

Takardunta kuwa zuriyarta ce ta adana su a gidan waziri. Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, yana cikin wannan zuriya. Shi ya buɗe wa wata malama Baturiyar Ingila, Jean Boyd, ƙofar karanta su. A 1989 ta buga littafin tarihin Asma'u. A 1997 ita da wata malama ta Amurka, Beverly Mack, suka tattara rubuce-rubucen Asma'u wajen 60 cikin littafi ɗaya. Yau akwai makarantun ƴan mata da yawa masu sunan Nana Asma'u. Kuma duk inda aka buɗe littafin nan, har a ƙasashen da ba a jin Hausa, ana karanta sunan Hauwa'u da na Zaharatu.

Namu aikin

Shekara biyar ce kawai tsakanin zuwan Barth Agadas da makokin A'isha. Baƙo ya ƙidaya makarantu ya wuce. Abokiyar aiki ta rubuta sunaye da halaye. Baƙo ba zai yi mana wannan ba, don bai san su ba. Mu muka san su.

A garinku akwai tsohuwar da yara ke taruwa a ɗakinta. Akwai malamin allo da ya koyar da uba, ya koyar da ɗa. Akwai malamar lakwal da ke share wa ƙananan yara hawaye ranar farko. Wasunsu sun riga mu gidan gaskiya. Da can kuna iya cewa ba ku iya rubutu ba. Yanzu kun iya.

Ku ɗauki takarda. Ku rubuta sunan wanda ya fara koya muku. Ku rubuta garinsa da shekarar da ya rasu. Idan shekarar ta shige muku, ku tambayi tsofaffi. Ku rubuta abu uku da ya yi wa jama'a. Ku karanta wa ɗiyanku da dare, sannan ku ajiye takardar inda gara da ruwa ba za su kai gare ta ba. Wanda kuma malaminsa yake da rai, ya je ya gaishe shi tun yana ji.

Allah Ya jiƙan malamanmu, maza da mata. Amin.