Aikin Hannu a Tarihin Sadarwar Ƙananan Ofisoshi

Kafin kwamfutocin ofis su san juna, ma'aikaci ne hanyar sadarwarsu. Idan akawu ya kammala lissafi, sai ya kwafe shi a faifai, ya taka da ƙafarsa zuwa teburin da na'urar buga takardu take. Abin da nake son bibiya a nan shi ne aikin hannun da ya gaji wannan zirga-zirga, wanda masu rubuta tarihin fasaha ba su cika waiwayarsa ba.

A shekarar 1973, a cibiyar binciken kamfanin Xerox da ke Palo Alto a Amurka, Robert Metcalfe ya zayyana tsarin Ethernet, suka gina shi tare da David Boggs. Kwamfutoci da yawa ke tarayya a waya guda. Kowace sai ta saurara, in ta ji shiru ta aika saƙonta. In biyu suka yi karo, duk su ja da baya, kowace ta ɗan dakata kafin ta sake gwadawa.

A takarda abin gwanin sha'awa ne, amma mai haɗawa shi ya san wuyarsa. Wayar da aka fara yaɗawa mai kauri ce, tana kai mita 500, sai an huda jikinta kafin a maƙala mata kwamfuta. Siririyar da ta biyo baya, mai mita 185, tana ratsa kwamfutoci ɗaya bayan ɗaya kamar zaren carbi, kuma dole a toshe bakinta biyu da ɗan marfi na musamman. Mai shara ya ture mahaɗi guda, ofis gaba ɗaya ya tsaya cik, a bi waya tebur-tebur ana neman inda ta kwance. Sai a 1990 aka daidaita tsarin da ya ba kowace kwamfuta wayarta, mai kai mita 100, zuwa akwati guda a tsakiya.

Waya dai hanya ce kawai. Abin da ya sauya zaman ofis shi ne uwar garke, wato kwamfutar da ke riƙe da takardun kowa da sunayen ma'aikata da kalmomin sirrinsu. Kamfanin Novell ya yi zamaninsa a wannan fage da NetWare tun daga 1983. A 1997 Microsoft ya fitar da Small Business Server domin ƙananan kamfanoni, da iyakar kwamfutoci 25; fitowar 2003 ta kai 75. An yi shi ne don ofishin da ba shi da ƙwararre na dindindin, saboda haka aka sa masa manhajar jagora mai shigar da sabuwar kwamfuta cikin garke da kanta.

Manhajar kan cije, kuma a nan ne hannu ke dawowa. Ma'aikacin fasaha zai zauna gaban kwamfutar ya duba lambar adireshinta, ko da yake tun 1993 akwai tsarin DHCP mai raba lambobin kai tsaye. Zai tabbatar cewa uwar garke take tambaya idan tana neman suna, domin in aka nuna mata na'urar kamfanin intanet, za ta buɗe shafukan duniya lafiya lau amma ta kasa ganin uwar da ke ɗaki ɗaya da ita. Daga nan ya raɗa mata suna, ya rubuta sunan garken, ya shigar da kalmar sirrin mai kula, ya kashe ya kunna. Ƙananan abubuwa ne ke cinye masa yini. Windows na gida ba ya shiga garke ko kaɗan. Agogon kwamfuta in ya saɓa da na uwar garke fiye da minti biyar, tsarin tantancewa na Kerberos zai ƙi ta, kuma sau da yawa ɗan batiri mai girman kwabo ne ya mutu a cikinta.

A ganina, wannan kashewa da kunnawa ta ƙarshe ta fi duk wayoyin nauyi a tarihi. Kwamfutar da ta tashi ta daina zama mallakar mai teburin. Sakatariya za ta shiga da sabon suna ta tarar da allo fayau, takardunta na shekaru suna can a tsohon asusu sai an kwaso mata. Daga ranar, uwar garke ke yanke wanda zai ga jadawalin albashi da wanda za a rufe wa ƙofa. Mai kamfanin da bai karɓi kalmar sirrin mai kula daga hannun wanda ya yi masa aikin ba, ya zama ɗan haya a gidansa, kuma yakan gane haka ne ranar da suka ɓata.

A 2012 Microsoft ya sanar da cewa fitowar 2011 ce ta ƙarshe mai ɗauke da wannan suna. Wasiƙu da takardu suka fara ƙaura zuwa manyan rumbunan intanet, akwatin da ke gurnani a lungun ofis ya rage daraja. Lambobin cikin gida da aka keɓe a 1994 kuwa suna nan. Duk ranar da na'urar buga takardu ta ɓace wa kwamfutoci, wani zai ja kujera ya fara rubuta 192.168 da yatsunsa.