Wa ke yanke shawara a ƙananan hukumomin Najeriya?

A gari kamar Azare, hedikwatar ƙaramar hukumar Katagum a jihar Bauchi, shugaba da kansiloli ne tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa nauyin kula da kasuwanni, da tashoshin mota, da mahauta, da maƙabartu, da kwashe shara.

Wannan tsari ya samo asali ne daga garambawul ɗin 1976, wanda ya kawo ƙarshen mulkin En'e.

Najeriya na da ƙananan hukumomi 774, jihar Kano kaɗai na da 44.

Sai dai ikon nasu ya daɗe a takure. Kasonsu daga asusun tarayya yakan bi ta asusun haɗin gwiwa da ke hannun gwamnoni, waɗanda da dama suka riƙa naɗa kantomomi a maimakon gudanar da zaɓe. Idan famfo ya lalace ko asibitin sha-ka-tafi ya rasa magani, shugaban da jama'a ke kai wa kuka sau da yawa shi ma umarni yake jira daga babban birnin jiha.

Ranar 11 ga watan Yulin 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai-tsaye, ta kuma haramta naɗa kantomomi.

Amma hukuncin bai taɓa hukumomin zaɓe na jihohi ba, waɗanda gwamnoni ke naɗa shugabanninsu.