Waiwaye kan Tarihin Koyar da Aikin Jarida da Zaɓin Makaranta ga Ɗaliban Yankin Katagum

Idan muka waiwayi tarihi, za mu ga cewa aikin jarida da Hausa ya girmi makarantun koyar da shi nesa ba kusa ba. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a watan Janairun 1939, Malam Abubakar Imam ne editanta, shi kuwa malamin makaranta ne daga Katsina. Sashen Hausa na BBC ya buɗe a 1957, gidan rediyon Kaduna ya biyo baya a 1962. Ma'aikatan farko a bakin aiki suka koyi sana'ar, jarinsu shi ne ƙwarewa a harshe.

Koyar da fannin a jami'a daga Kudu ya faro: Nsukka a 1961, sai Legas a 1966. Arewa ba ta samu nata sashen ba sai a 1978, a Jami'ar Bayero ta Kano, sannan Jami'ar Maiduguri ta bi sahu. A Jos aka kafa Kwalejin Talabijin ta NTA a 1980, da Cibiyar Koyar da Aikin Fim a 1995. Don haka ɗalibin da ya tashi a Dagauda, cikin ƙaramar hukumar Dambam, ya daɗe yana da hanyoyi biyu a gabansa: ko ya bi ta Azare ya nufi Kano, ko ya bi ta Potiskum ya nufi Maiduguri. Kwalejin ilimi ta Azare malamai take horarwa. Wanda guzurinsa bai kai ba yakan nemi difloma a kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Bauchi.

A nan ne muke ganin gizo ke saƙa. An gina manhajar waɗannan sassa ne da Ingilishi, bisa tsarin da aka aro daga Amurka da Ingila, alhali mafi yawan masu sauraren da ɗalibin zai yi wa aiki a Katagum, Misau da Jama'are da Hausa suke jin labarai. Sai ya kammala digiri, ranar farko a ɗakin labarai a miƙa masa jawabin kasafin kuɗi a ce ya fassara kafin ƙarfe shida. A lokacin yake gane cewa iya magana da harshen uwa daban, iya rubuta shi bisa ƙa'ida daban. Mun sha jin labarai a rediyo waɗanda kalmominsu na Hausa ne amma ƙashin jimlar na Ingilishi ne, har mai saurare a kasuwa ya rasa wa ya yi me.

A 2020 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta sanar da rarraba fannin zuwa digiri bakwai, ciki har da aikin jarida, watsa shirye-shirye, fim, talla da hulɗa da jama'a. Wannan ya sa zaɓin ya ƙara nauyi, domin ɗalibi zai yanke shawara tun wajen cike fom ɗin JAMB. A ra'ayinmu, kafin sunan makaranta ya ruɗe shi, ya kamata ya bincika ko tana da gidan rediyon gwaji da ke aiki, kamar na Jami'ar Bayero, da kuma ko za a bar shi ya ɗauki darussan fassara da ƙa'idojin rubutu daga sashen harsunan Nijeriya.